Samarin nan masu fararen riguna a ƙofar gida

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na karanta har sau biyu. Kin ce samari biyu masu fararen riguna da ɗan baƙin allon suna a ƙirji sun ƙwanƙwasa ƙofarku mai gida yana kasuwa, kika leƙa kika mayar da ƙofa ba ki ce musu uffan ba. Yanzu zuciyarki ta ƙi kwanciya, kina tambayar ko kin saɓa wa al'ada. Hana su shiga da kika yi daidai ne. Shirun ne ban ji daɗinsa ba.

Na san yaran nan tun ina tuyar ƙosai da dama koko a bakin titi a unguwar Nima, cikin birnin Accra. 'Yan cocin Mormon ne, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, cibiyarsu kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. A 1978 masu wa'azinsu suka shigo Ghana. Ina tune da 1989, lokacin da gwamnatin Rawlings ta dakatar da su tare da Shaidun Jehobah, aka rufe ɗakunan ibadarsu, Turawansu suka tattara suka tafi, sai ƙarshen 1990 aka ɗage wa 'yan Mormon ɗin dokar. Babban ginin nan nasu mai hasumiya da ke Independence Avenue a 2004 aka buɗe shi.

Kalmar "Elder" da kika gani a allon ƙirjinsu ma'anarta dattijo, amma muƙami ne na coci. Mafi yawansu ba su wuce sa'ar ƙaninki ba, daga shekara 18 ake turo su. Namiji shekara biyu yake yi, mace wata 18. Ba su suke zaɓar ƙasa ba, takarda ake aiko musu, kuma galibi iyayensu ne ke ɗaukar nauyin tafiyar. Da Turawa muka fi gani, yanzu da yawa 'yan Najeriya ne da Kongo da Laberiya. Ƙarfe shida da rabi suke tashi, su yi karatun littafinsu, sannan su fita yawon ƙafa har dare, kullum su biyu, ɗaya ba ya rabuwa da ɗaya. Rana guda a mako ake ba su ta wanki da cefane da kiran gida. Na sha kallon takalmansu in sun tsaya a gaban tukunyata: jar ƙura har idon sawu, dunduniya ta cinye ta gefe ɗaya. Duk sanda na gani sai in tuna akwai wata uwa can nesa da ke ƙirga watanni.

Batun shiga gida, kada ki ji komai. Namijin da ba muharraminki ba iyakarsa zaure, inda babu zaure irin gidajen hayarmu na zango, iyakarsa bakin ƙofa. Su ma suna da irin wannan dokar: ba sa shiga ɗakin da mace take in babu wani babban namiji a wurin. Da kin ce musu mai gida ba ya nan, da kansu za su ja baya.

Amma wanda ya tsaya a ƙofarki baƙo ne, ko da abin da ya kawo ba naki ba ne. Kakarki ba ta taɓa tambayar addinin mutum kafin ta miƙa masa moɗa ba. Ki amsa gaisuwa daga bayan labule, ki aiki yaro da ruwan leda biyu masu sanyi. Shayi kam kada ki wahalar da kanki. Wata safiya na haɗa wa biyu daga cikinsu Lipton da madara, suka ƙi karɓa, na wuni raina a ɓace ina zaton ƙyamar kofina suke yi. Ashe addininsu ne ya hana su shayi da kofi da taba da giya. Koko kuwa sun sha har da ƙari, ɗan Baturen yana share ƙwalla saboda citta da barkono.

Inda mu Hausawa muke jawo wa kanmu matsala shi ne kara. Mun saba in ba ma son abu mu ce sai wata rana, ko za mu duba, ɗan'uwanka ya gane ya kama gabansa. Su ba su san wannan ba. Aikinsu ke nan neman wanda zai ce su dawo, kuma rubutawa suke yi. Mai gidana, marigayi Malam, ya taɓa ce musu sai wata rana, suka tambaye shi wace rana, kunya ta sa ya ce Alhamis. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ga su a ƙofa, sun tako tun daga nesa cikin rana. Sau uku ana haka, yana ɓoyewa a ɗaki ina ƙaryar ya fita, abin da har yau nake istigfari a kansa. A na huɗu ya fito ya shimfiɗa musu tabarma, ya ce shi Musulmi ne, a kan haka zai mutu, ba ya son karatun, amma ruwa da inuwa duk sanda suka biyo suna nan. Suka yi godiya, ba su sake kawo maganar ba. Bayan 'yan makonni aka yi wa ɗayan canjin unguwa, ya zo musamman ya yi mana ban kwana.

Kada ki shiga musu da su, ba fagenki ba ne, kuma in kin karɓi littafinsu don kara, to kin ba su dalilin dawowa su ji ko kin karanta. Ki gaya wa mai gidanki yau da dare, in sun sake zuwa yana nan shi ya fita ya yi musu magana a fili. In ba ya nan, ki faɗa da bakinki cikin ladabi, yaro ya kai ruwan. Ki gaishe min da shi da yaran, ki ce ina nan tafe bayan sallah in Allah ya kai mu.