Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan masu jefar da ƙarfe

Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka sai da na ji babban yatsan ƙafata ya amsa. Ka ce akwai wani a jim ɗinku, wato wurin motsa jiki, da in ya gama ɗaga nauyi sai ya saki ƙarfe ya daki ƙasa, ya tafi ya bar faifai a jikin sanda, kai kuma sabo ne, kana tsoron ka yi magana a ce ba ka san kan abin ba. Ka yi magana. Ni shiru na yi wata da watanni, ga abin da ya biyo baya.

Ranar na fito daga alwalar la'asar ke nan, silifas ne a ƙafata, na zo ɗaukar takalmina kusa da benci. Wani irinsa da ke jim ɗinmu yana kwance yana tura dambel, wato gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, kilo 30 a kowane hannu. Yana gamawa, ko waigawa bai yi ba, ya watsar da su gefe da gefe. Ɗaya ya daki siminti ya yi tsalle ya sauka a kan yatsana na hagu. Da farko ban ji zafi ba, sanyi kawai na ji, sai da na ga farcen ya yi baƙi jini yana bin igiyar silifas. Ka san abin da ya fara cewa? "Kai ma ai sai ka kauce." Ko sannu babu. Har yau wannan maganar ta fi karayar ci mini rai. Ya tashi ya sha ruwa, ya duba wayarsa da ya jingina tana ɗaukarsa, ya koma kan bencin. Wani yaro da ko sunansa ban sani ba shi ya goya ni a mashin zuwa asibiti. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, aka ɗaure shi da yatsan kusa. Sati shida ban sa giyar mashin ɗina ba, sallah a kan kujera nake yi, farcen ya fita gaba ɗaya. Shi kuwa ko sau ɗaya bai tambayi lafiyata ba, alhali kullum muna haɗuwa a ƙofa.

To, kada wani ya ruɗe ka da cewa ai zakarun Olamfik ma jefarwa suke yi. Gaskiya ne, amma faifansu na roba ne mai kauri, wanda aka yi don haka: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10, duk faɗinsu ɗaya, kuma a kan dandamali na musamman suke saki, babu kowa a kusa. Sun ɗaga nauyi sama da kai, sauke shi a hankali zai iya ji musu ciwo a kafaɗa. Namu fa? Zallar ƙarfe a kan siminti ko tayil. Faifan ya tsage, sandar ta lanƙwashe, kan dambel ya kwance ya riƙa girgiza, gobe wani ya ɗaga shi saitin fuskarsa. Kuɗin gyara kuma a kuɗin watanmu za a ƙara. In ba hatsari ne ya taso ba, wanda ya kasa ajiye ƙarfe a hankali, ƙarfen ya fi ƙarfinsa, ya rage.

Barin faifai ma ba ƙaramin abu ba ne. Sandar kaɗai kilo 20 ce. Sabon zuwa ya tarar da faifai uku a kowane gefe, ya zare na gefe ɗaya duka, sandar ta wuntsila. Na gani da idona, saura kaɗan ta fasa wa wani dattijo kai. Ɗaya nan ɗaya can ake cirewa. Kuma don Allah ka riƙa zuwa da tawul ɗinka, makero a benci mai gumi ake kwasarsa.

Shawarata, kada ka tare shi a gaban mutane, irin waɗannan da girman kai suke motsa jiki. Ka jira ya huta, ka yi masa sallama, ka ce "Yallaɓai, ƙarfen nan yana tsalle, ina tsoron ƙafar mutane." In ya yi maka banza ka samu mai wurin, ba yaron da ke karɓar kuɗi ba, ka nuna masa tsagar da ke ƙasa, don kayansa ne ke lalacewa. Ni da mai wurinmu ya ce mini wai tsohon kwastoma ne ba zai iya yi masa magana ba, watan na ƙarewa na canza wuri. Kafin nan dai, in ka ga ya kwanta da dambel ka ja baya taku uku, kuma kada ka taka wajen da silifas.