Amsa: Shin likitoci na ƙosawa da masu ciwon suga ne?

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki a kan Mama. Kin ce ta daɗe da ciwon suga, sugan ya ƙi sauka, a zuwanta na ƙarshe kuma likita ya ce taurin kai ne ke damunta, har ta rantse ba za ta koma ba. Kina son sanin ko haka likitoci ke kallon irinta. Allah ya ba ta lafiya. Ni likitan iyali ne, na jima ina duba masu wannan lalura, don haka bari in gaya miki abin da ke ranmu.

Akwai majinyacin da likita kan ga sunansa a layi gabansa ya faɗi, wannan ba abin musu ba ne. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1990 ya nuna likitoci na ɗaukar kusan ɗaya cikin shida na zamansu da marasa lafiya a matsayin mai wahala. Sai dai da wuya a ce ƙiyayya ce. Mutum ne zaune a gabanka garau, ba inda ke masa ciwo, kai kuma kana riƙe da sakamakon HbA1c, gwajin nan da ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku, ka ga 11 alhali ana neman ƙasa da 7. Ka san abin da ke tafe: ido, ƙoda, ƙafa. Ka taɓa ganin wanda aka yanke wa ƙafa. Ga mutane jibge a waje, ga mintuna ƙalilan a hannunka. Fargabar nan ce ke fita daga bakin wasu a matsayin faɗa. Wannan ba uzuri ba ne, likitan Mama bai kyauta ba, domin faɗa bai taɓa sauke sugan kowa ba.

Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, mai gardama ba shi ne ya fi ba mu wahala ba. Wanda ya ce "ni fa wannan ƙwayar ba zan sha ba", ko ya zo da abin da ya karanto a intanet, ai ya ba ka bakin zare. Mai wahalar shi ne mai "to likita, in sha Allahu" ga duk abin da ka faɗa. Ya miƙo maka littafin awon sugan da yake yi a gida, wanda ma'auninsa daban yake da na HbA1c, lambobi masu kyau reras, 110, 118, 105, duk da biro ɗaya, da ganin rubutun ka san a zama guda aka yi shi. Ka kunna na'urar awon, ka tarar rabon da a yi amfani da ita an yi watanni. Ba mugunta ta sa shi ba, tsoron kunya ne. Amma dubi haɗarin: likita ya ɗauka ana shan magani bai yi aiki ba, sai ya ƙara ƙarfinsa. Ranar da mutumin ya yi niyya ya shanye duka yadda aka rubuta, suga ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar awon, sai karkarwa, gumi da ruɗewa, wani har suma.

Duk lokacin da na samu na tona, sai in iske dalili. Wata ƙwayar sugan nan metformin ce ke murɗa mata ciki yana sa ta zawo, tana jin nauyin faɗa wa namiji, alhali sau da yawa shan shi tare da abinci ko farawa da kaɗan na rage wannan. Wani sugansa ya taɓa faɗuwa cikin dare yana shi kaɗai, tun daga nan ya gwammace ya bar shi a sama. Wani ya ga ɗan'uwansa ya rasu jim kaɗan da fara allurar insulin, ya ɗora laifin a kan allurar, bai san an makara ne wajen fara ta ba. Wani kuɗin ne babu, yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi. Ga kuma ciwon damuwa, wanda ya fi yawa a masu suga fiye da sauran jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. Kin ga Mama ba ita kaɗai ba ce.

Kuma mai yiwuwa ma tana yin komai daidai. Babban binciken da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya tabbatar da cewa nau'i na biyu na ciwon suga, wanda ya fi kama manya, ƙaruwa yake da shekaru, maganin da ya riƙe mutum da farko kan zo ya gaza. Wani lokacin jinkirin daga wajen likita yake, bai sauya magani a kan kari ba, sannan a ce majinyaci ne bai ji magana.

Shawarata, ki lallashe ta ku koma tare. Ki zuba duk abin da take sha a leda, har da wanda ba likita ne ya rubuta ba, ki haɗa da na'urar awon. Da kun zauna ku fara da gaskiyar: ga wanda take sha, ga wanda ta daina, ga dalili. Ku tambayi lambar HbA1c da ake so ta kai, don ga tsofaffi masu wasu cututtukan akan sassauta zuwa wajen 8. Ku tashi da abu guda da za ta iya riƙewa kafin zuwa na gaba. Idan bayan haka har yanzu ba ya sauraronta, tana da damar neman wani likitan, amma kada ta ajiye maganin kafin nan. In kuma kin ga gyambo a ƙafarta, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko ta fara ruɗewa, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ta.