Wa ake kira ƙwararre wajen neman bizar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da difloma ta BTS ta aikin lantarki, kuma shekara takwas ke nan ina aiki a shagon kawuna. Wani dillali ya ce in ba shi jaka ɗari bakwai ya samo mini bizar ƙwararru zuwa Jamus. Shin na isa a kira ni ƙwararre? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, riƙe kuɗinka. Bizar ƙwararru ba hajar dillali ba ce, domin tana rataye ne da kamfanin da ya ɗauke ka aiki da sunanka.

Ma'aikacin ofishin jakadanci bai taɓa ganin ka ɗaure waya ba, kuma ba zai gani ba. Takardun da ke gabansa kaɗai yake dubawa: shaidar karatu, shaidar shekarun aiki, da kwangilar da aka rubuta albashi a ciki. Dole kuma su dace da juna. Mai difloma ta lantarki da aka ba kwangilar tsaron sito ba ƙwararre ba ne a wannan aikin, ko da ya fi kowa iya lantarki a Katsinar Maradi.

Jamus na da ƙofar da ta yi daidai da irinka. Tun watan Maris na 2024, wanda ke da shaidar koyon sana'a ta aƙalla shekara 2 wadda gwamnatin ƙasarsa ta amince da ita, da aikin shekara 2 cikin shekaru 5 na baya, zai iya neman bizar aiki in ya samu kamfani kuma albashin ya kai adadin da doka ta yanka. BTS karatun shekara 2 ne bayan Bak, wato jarrabawar gama sakandare. Sai dai ka duba ko taka ta gwamnati ce ko ta makaranta ce kawai, domin wasu makarantun kuɗi na ba da tasu takardar, ita kuwa ba ta ɗaukar mutum ko'ina. Hukumar ZAB mai tantance takardun karatun ƙasashen waje, da ke birnin Bon na Jamus, ce ke tabbatar da wannan.

Inda muke jin tsoron ka tuntuɓe shi ne shekarun nan takwas. Aikin shagon dangi galibi ba kwangila, ba takardar albashi, ba rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata. Idan kawu ya rubuto maka layi biyu cewa kai yaron kirki ne mai ƙwazo, ba za ta yi aiki ba. Takardar shaidar aiki sai ta faɗi ranar da ka fara, awa nawa kake yi a mako, da ainihin abin da kake yi: jan waya a gini, haɗa allon rarraba wuta, girka sola, gyaran janareto. Ta fito da hatimin shagon, lambar rajistar kasuwancinsa da lambar wayar da za a kira a samu mutum. Ofishin jakadanci na iya kira kuwa. In shagon ba shi da rajista, fara gyara wannan tun yanzu, ka kuma tattara rasit da takardun ayyukan da kuka yi wa makarantu ko asibitoci.

Sai ƙananan abubuwan da ke kashe takarda. Sunanka ya zama iri ɗaya a fasfo, difloma da takardar haihuwa. Mahamadou a nan, Mamane a can, ya isa a maido maka da ita. Takardar kotu ta shaidar rashin laifi kuma bar ta sai ƙarshe, don yawanci ba a karɓar wadda ta wuce wata uku.

Tambaya: Na gama lasans, wato digirin farko, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ta ishe ni neman bizar aiki a Amurka ko Sin? Daga wata ɗaliba, unguwar Ali Dan Sofo, Maradi.

Amsa: Ƴar'uwa, bizar H-1B ta Amurka na neman digiri daidai da nasu na shekara 4, lasans kuwa shekara 3 ce. Dokarsu na lissafa aikin shekara 3 a fannin a matsayin shekara 1 ta jami'a, ko kuma ki ƙara masta. Kamfani ne ke nema, ba ke ba, kuma guraben shekara 65,000 ne, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri na jami'o'in Amurka. Dokokin shigar ƴan Nijar can suna yawan sauyawa, don haka ki tambayi ofishin jakadancinsu kafin ki kashe ko dala.

Sin ta kasa ma'aikatan waje gida uku tun 2017: A, B da C. Rukunin B, inda yawancin masu digiri ke faɗawa, yana son digiri da aikin shekara 2 a fannin. Kamfanin zai fara samo miki takardar izinin aiki, da ita za ki nemi biza mai harafin Z. Duk wanda ya ce ki shiga da bizar kasuwanci a gyara daga baya, zai jefa ki cikin aiki ba bisa doka ba, hukuncinsa kuwa tara ne, wani lokaci har da tsarewa da kora.