Shin zan iya tare ƙorama a gonata domin shanu da kashe gobara?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Gwale, amma ina da gona da shanu 40 a ƙauye. Ina so in tare wata ƙorama da ƙasa domin dabbobi su samu ruwa da rani, mu kuma samu na kashe gobara lokacin hunturu. Da me zan fara?

Amsa: Malam, shawararka mai kyau ce, kuma ba baƙon abu ba ne a Kano, domin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako ita ma da ƙasa aka gina ta. Sai dai abin da ya kamata ka fara tsarawa shi ne mafitar ruwa, tun kafin a zuba kwando ɗaya na ƙasa. Bangon ƙasa yana jure nauyin ruwa, amma da zarar ruwa ya haura ta kansa sai ya fara zaizaye shi, cikin sa'o'i kaɗan ya ɓalle. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 bayan mamakon ruwan sama ba. Saboda haka a yanka mafita mai faɗi a gefe, cikin ƙasar da ba a taɓa ba, a shimfiɗa mata duwatsu, kuma bangon ya ɗara ta tsawo da kamar mita 1.

Shi kansa bangon yumɓu yake so, a zuba kaɗan-kaɗan da ɗan danshi ana daɓewa, bayan an kankare ciyawa da saiwoyi an haƙa rami a ƙarƙashinsa an cike da yumɓu. Idan wurin jigawa ne, gara ka haƙura.

Ka fifita zurfi a kan faɗi. Shanunka za su iya shan lita 1,600 a rana da bazara, amma rana da iska sun fi su sha, domin kusan mita 2 ke ƙafewa a shekara. Tafki marar zurfi zai bushe daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Kada shanu su taka bangon. A kewaye shi da shinge, a ja musu ruwa da bututu zuwa wurin sha, a hana itatuwa tsirowa a kansa, a riƙa duba ramukan gara da na gafiya. A kuma hana yara wanka a ciki saboda nutsewa da tsargiya.

Game da gobara, a yi hanya mai tauri da motar kwana-kwana za ta iso bakin ruwa, a ajiye injin ban-ruwa da doguwar tiyo kusa da rumbuna. Kafin a fara aiki, ka nemi injiniya ya auna wurin, ka tuntuɓi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke nan Kano, sannan ka zauna da mai unguwa da waɗanda ke amfani da ƙoramar a ƙasa da gonarka.