Muryar da aka turo kan farin ginin nan na birnin Rum

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga hoton da ka saka kana tambaya wai kabari ne ko ɗakin bauta. To, ba ko ɗaya. Ara Pacis sunansa, wato bagadin zaman lafiya, wurin yanka hadaya ne, bagadi a tsakiya, katangar marmara ta zagaye shi, sama a buɗe. Ginin gilashin da ya rufe shi na jiya-jiya ne, a 2006 aka buɗe.

Majalisar dattawan Rum ce ta ce a gina shi a shekara ta 13 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da sarki Agustas ya dawo daga Sifaniya da ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, bayan shekara uku. Aka ƙaddamar da shi 30 ga Janairu na shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa, daidai ranar haihuwar matarsa Libiya. Ka ji fa.

Ni dai a ganina siyasa ce zalla aka sassaƙa a dutse. Mutumin nan da yaƙin basasa ya hau, sai da ya ga bayan abokin hamayyarsa Antoni da Kiliyofatira sarauniyar Masar, sannan ya juyo ya ce wa mutane ga zaman lafiya, kuma a gidana yake zaune.

Yaya, ɗan ja hoton ya girma ka dubi jerin gwanon da ke jikin katanga. Malaman bautarsu ne a gaba, iyalin sarki a baya. Dogon nan da ya lulluɓe kansa Agirifa ne, mijin 'yar Agustas, kuma bai ga an gama aikin ba, ya mutu a shekara ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga wani yaro ya riƙe gefen rigarsa, yadda ɗa ke maƙale zanen uwarsa a kasuwa. Can baya wata ta ɗora yatsa a leɓe, tana ce wa masu hira su yi shiru. Yaran nan ba ado ba ne, ana nuna wa jama'a magada ne tun suna ƙanana. Ƙasan katangar kuwa ganye da furanni, da ƙadangaru da kwaɗi, har da maciji yana lallaɓawa sheƙar 'yan tsaki. Kuma da fenti ne a jikinsa, ba fari fat ba.

Daga baya ambaliyar kogin Tiber ta binne shi da laka. A 1568 aka fara tsintar gutsattsarinsa a ƙarƙashin wani babban gida. A 1937 ruwa ya hana tono, sai da aka daskarar da ƙasar wurin tukuna. Musolini, shugaban Italiya na lokacin, ya sa aka harhaɗa shi a 1938, cikar shekara 2,000 da haihuwar Agustas, don shi ma yana so a ce shi ne sabon Agustas. Bai ma mayar da shi inda yake ba, kusa da kabarin Agustas ya dasa shi, a bakin kogi.