Kun Tambaya, Mun Amsa: Sirrin Jerry Rice a Ƙwallon Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a ƙwallon Amurka ba a taɓa yin mai cafe ƙwallo kamar Jerry Rice ba, alhali an ce ba wani gudun a zo a gani gare shi ba. Ta yaya ya yi fice haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, akwai da yawa da suka fi shi gudu. Amma aikin mai cafe ƙwallo ba tsere ba ne. Aikinsa ya isa wurin da aka tsara a daidai lokacin da ƙwallo za ta iso, domin sau da yawa mai jifa yakan saki ƙwallon tun kafin mai cafewa ya waiwayo. Idan an tsara ya yi yadi goma ya karya hagu, sai ya karya a yadi tara, ƙwallo ta tafi hannun abokin hamayya ke nan. A nan Rice ya gagara: takunsa a ƙirge yake, kuma kafaɗunsa ba sa tona inda zai juya, sai mai tsaronsa ya ankara ya riga ya wuce.

Sai hannu. Ƙwallon da ta zo sama da ƙugu, ana haɗa manyan yatsu biyu da manuniya biyu a tare ta nesa da jiki. Ta ƙasa da ƙugu kuwa, ƙananan yatsu ake haɗawa. Wanda ya bari ta doki ƙirjinsa, sulken da ke jikinsa zai mayar da ita. Haka wanda ya ɗauke ido yana neman hanyar gudu kafin ya damƙe, zubar da ita zai yi. Shi kansa Rice ya sha zubar da ƙwallo a farkon kakar 1985, shekarar da ƙungiyar San Francisco 49ers ta ɗauko shi daga ƙaramar jami'ar Mississippi Valley State. Kar a manta, a gasar NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, dole ƙafa biyu su taɓa cikin fili kafin a ƙirga cafewar, ba ɗaya ba kamar a gasar jami'o'i.

Ya yi kaka 20 yana wasa, ya cafe ƙwallo sau 1,549, ya ci yadi 22,895, ya kuma lashe Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau uku, duka da 49ers. A ganinmu, abin da ya fi ban mamaki shi ne kakar 1987: sau 22 ya cafe ƙwallo ya kai ta gidan ci, wato yankin ƙarshen fili inda ake samun maki, cikin wasa 12 kacal.

A wasan farko na kakar 1997 jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Ya yi gaggawar dawowa a Disamba, ƙoƙon gwiwar ya tsage a wasan da ya dawo. Duk da haka bai ajiye takalmi ba sai bayan kakar 2004, yana da shekara 42, bayan ya buga wa ƙungiyoyin Oakland Raiders da Seattle Seahawks.