Zane ko Tsari? Amsa ga Masu Koyon Fasalin Gine-gine

Wani ɗalibi daga Birnin Kebbi, wanda ke shekara ta biyu a fannin gine-gine, ya rubuto yana cewa: "Malam, kakana ya tambaye ni abin da nake karantawa, na ce masa zane. Ya ce ashe duk kuɗin nan da ake kashewa zane ake koya mini? Me ya kamata in ce masa?"

Ɗana, kakanka bai yi laifi ba, kai ne ka ba shi guntuwar kalma. Zane, wanda ake jan wasalinsa na farko (ba na ɗaurawa ba, shi wannan gajere ne), jan layi ne kawai, ko a ƙasa, ko a takarda, ko a kumatu. Abin da kuke kwana a kansa a situdiyo, ɗakin aikinku na makaranta, sunansa tsari, wato yanke shawarar inda kowane abu zai zauna da dalilin zamansa a wurin. Ina zaure zai fuskanta? Baƙon da ya tsaya a bakinsa zai hango tsakar gida ko shigifa ta tare masa ido? Wane bango ne zai sha dukan ruwan damina, wanda a ƙasarmu daga gabas yake kaɗowa? In an gama wannan shawara, siffar da ta fito ita ce fasali, takardar da ta ɗauke ta kuma taswira; waɗannan biyun daga Larabci muka aro su. Zane shi ne ɗan aike a cikinsu. Yau ma AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, na jan layi fiye da hannun kowa, amma ba ta san zafin Afrilu a Kabi ba.

Ka ce wa kakanka kana koyon aikin Sarkin Magina ne, sai dai kai a takarda kake fara gininka, inda santimita 1 ke tsayawa a madadin mita 1 kafin a taɓa ƙasa.

Wata malama daga Gusau kuwa tambayarta ta fi tsawo. Ta ce duk ranar da ɗalibai suka liƙa aikinsu a bango, malamai suka zauna suna yi musu tambayoyi, abin da suke kira juri, wasu kan fita da hawaye, wasu su ƙullace ta har ƙarshen zango. Tana neman karin maganar da za ta riƙa faɗa musu.

Malama, wadda kike nema ita ce "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Mai tafiya ne da kaya a ka ko a bayan jaki, wani ya hango ɗaurin ya karkace, ya ce masa gyara. In mai kayan ba shi da natsuwa sai ya ɗauka rabo ake nema. Ɗalibin da aka ce wa matakalarsa ta yi tsaye da yawa, ko banɗakinsa ya buɗe ƙofa cikin falo, ba a ƙwace masa komai ba. An nuna masa inda kayan za su zube ne tun gini yana kwali, lokacin da rushe shi bai wuce almakashi da gam ba.

Amma ki lura, karin maganar nan baki biyu gare ta, kuma malamai sun fi son ɗaya. Ta ɗora wa mai cewa "gyara" sharaɗin kada ya kai hannu cikin kayan. Malamin da ya karɓe fensir ya sake tsara ginin yadda shi yake so, ko ya tsinka yaro gaban 'yan ajinsu don a san shi gwani ne, ya riga ya ce sauke mu raba. Ni a ganina hawayen da kike gani ba duka ba ne na rashin haƙurin yara.

Wannan hanyar koyarwa, ta a ba ɗalibi matsala ya yi ta gwadawa malami na zagayawa tebur-tebur, daga Faransa ta yi ƙarfi, a makarantar Beaux-Arts ta Paris, sannan makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta ƙara mata aikin hannu. A nan Arewa Zariya ce ta raine ta, tun kafin kwalejin can ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai dai ba baƙuwa ba ce gare mu. Yaron magini da kwaɓa ƙasa yake farawa, ya koyi mulmula tubali, ya koyi cilla shi sama ga mai ɗorawa, sai ya daɗe kafin a bar shi ya jera azara. Ba a yi masa lacca. In ya karkata bango a rushe, ya sake. Daga irin wannan horo aka samu Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da Falke Barmu na Yama a Nijar, wanda masallacinsa na ƙasa ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Malama, in ana jurin wani ɗalibi, ki tuna wa sauran zancen gemun ɗan'uwa da ya kama da wuta. Masu barin aiki sai daren ƙarshe kuma, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wanda ya aiko daga Argungu yana tambayar ma'anar bakan gizo da ɗaurin guga a bakin magina. Bakan gizo dai shi ne wanda ke fitowa a sama bayan ruwa, magina suka ara suka sa wa ginshiƙin da ke tasowa daga bango ya lanƙwasa ya haɗe da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi. Cikinsa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, ana ɗora ta kaɗan-kaɗan, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Dabara ce ta samun faɗin ɗaki, domin azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta yi yawa. In bakuna suka gicciya juna suka tallafi rufin da ya yi tulluwa, shi ne ɗaurin guga, an kwatanta shi da yadda ake gicciya ɗauri a bakin gugan rijiya. Tunda a Argungu kake, shiga tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihi na Kanta, ka ɗaga kai ka dubi rufin, ka tafi da littafin zanenka da abin awo.

Shi ɗalibin Birnin Kebbi ya ƙara da cewa an ba su aikin tsara ƙaramar kasuwa, an ce sai sun je sun zauna da 'yan kasuwa tukuna, yana ganin ɓata lokaci ne. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ɗana. Je ka tambayi mai sayar da kifi ina take zubar da ruwan wanki, ka tambayi mai shinkafa ta ina mota ke sauke masa buhu, da ƙarfe nawa rana ke shigo masa rumfa.